Lokacin da Inna Ta Hana Ni Dariya

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko an sace wayata ne, waya tana nan, ni ce na ɓuya. Rabona da rubutu a nan tun kafin ruwa ya sauka, ga shi har an yanke shinkafa a fadama. Yau dai zan fasa ƙwai.

Duk wanda ya san ni a Haɗeja ya san ni da dariya. In na tashi daga kan keken ɗinki da yamma, sai in kunna talabijin in nemo wasan barkwanci, maƙwabta har ta katanga suke jiyo ni. In babu wuta, in jawo littafin ban dariya. Hutuna ke nan a duniya.

Wata safiya ina alwala, na kurkure baki sai ruwan ya zubo ta gefen dama. Na sake, ya sake zubowa. Na duba madubi, na ga bakina ya karkace ya koma hagu, idon dama kuma ya ƙi rufuwa.

Wallahi na ji tsoro. Na ce shi ke nan, shanyewar ɓarin jiki ce ta same ni.

Maigida ya tafi kai busasshen kifi Kudu, don haka Inna, mahaifiyata, ita ta tare a gidan. Tana ganina ta ce, "Iska ce ta mare ki. Sau nawa zan gaya miki ba a ƙyaƙyata dariya da magariba?"

Ta lulluɓe talabijin da zaninta, ta zuba littattafaina a buhu, ta kafa doka: kada wanda ya kuskura ya ba ni dariya. Kuma tana da hujja. Ta lura duk sanda na yi murmushi bakin ƙara gudu yake gefe, don haka a ganinta dariyar ce ke jan sa, in aka bari sai ya kai kunne ya zauna can.

Masu dubiya tun daga tsakar gida take yi musu kashedi. Su shigo a sanyaye kamar gidan makoki, "Sannu, ya jiki? Allah ya sawwaƙe," sai kowa ya zuba wa tabarma ido. Ga hayaƙi, ga shafe-shafe. Idon nan kullum a buɗe, yana zafi yana hawaye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin cewa na yi dariyata ta ƙarshe ban sani ba.

Sai ga Falmata, taubashiyata, 'yar kawuna, daga Kafin Hausa. Ta ji dokar Inna sarai, ta shigo ta ƙare mini kallo ta ce, "To ke da ma can wane kyau gare ki? Me aka rage?"

Dariya ta ƙwace mini, a karkace, har da yawu. Inna ta yo kanta da mafici. Falmata ta kauce ta ce, "Inna, ki doke ni, amma dubi idon nan yadda ya yi ja. In aka zauna, baki zai zama ƙaramar magana." Ita ta tare mana adaidaita zuwa asibiti.

Muka yanki kati, muka bi layi. Aka auna hawan jini, aka duba suga. Likita ya sa na ɗaga hannaye, na matse yatsunsa, na ɗaga gira. Ya ce, "Ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar fuska ce ta kumbura. Yawanci tana dawowa. Da kin zo tun farko da magani ya fi yi miki aiki. Yanzu idon ne damuwata." Ya rubuta maganin sha da na ɗigawa a ido, ya ce in riƙa manne idon da filasta in zan kwanta. Adashen da na kwasa a nan ya ƙare, kuma ban yi kuka da shi ba.

Aka tura ni sashen gashin ƙashi da motsa jiki, inda wata ma'aikaciya ta koya mini tausa fuska da motsa ta a gaban madubi. Inna ta matso ta ce, "Likita, a ci gaba da hana ta dariyar ko?"

Matar ta ce, "Wa ya hana ta? Mama, ɓangaren da ke da lafiya ne yake ja, shi ya sa kike ganin ya ƙara karkacewa. Dariya ba ta ɓata komai. A bar ta ta yi abinta."

Muka iso gida da Inna. Ta wuce ta yaye zanin daga kan talabijin tana cewa, "Ni zanina nake so."

Sauƙi bai zo da gudu ba. Makonni ina tausa, ina hura kumatu, fuska ko gezau. Akwai ranakun da na kifa madubin na yi kuka.

Wata yamma muna kallon wani wasa, maigadi ya ga ɓarawo ya miƙa masa sanda ya ce riƙe mini ina zuwa. Ina cikin dariya Inna ta damƙe hannuna. Ashe duk kallon da muke yi, ita ba talabijin take kallo ba.

"Ya motsa! Wallahi gefen ya motsa!" Sai ta fashe da kuka.

Alhamdulillahi. Yanzu ido yana rufuwa, ruwa yana zama a baki, na koma kan keke. Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan asibiti, da Falmata uwar tsiya, da Inna wadda tsoro ne kawai ya sa ta, Allah ya bar mini ita.

Shawarata: in fuska ta karkace, a tafi asibiti a ranar, a yi addu'ar a hanya, don wani lokacin abin ya fi nawa girma. A kula da ido. In kuma kun je dubiya, ku tafi da labari mai daɗi, "sannu" kaɗai ba ta isa ba.

Har yanzu in dariya ta kai mini karo bakin yakan ɗan ja hagu. Likita ya ce wataƙila ya tafi, wataƙila ya zauna. Ko wanne ne, na daina sa hannu ina rufewa.