Wayar Baba Bitrus

Jama'a, a kashe rediyo, a gyara zama! Ga Baba Bitrus ɗan Dogon Dutsi, Sarkin Karfasan Gamkalle, injiniyan da bai taɓa ɗumama bencin lakkol ba, wanda ya ciyar da kifi yana kwance!

Asalinsa mai buga ƙararrawar majami'a ne. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, sai ya koma lambunsa a bakin kogin Isa nan Yamai, ya ɗinka keji na raga, ya zuba 'ya'yan karfasa yana ba su dusar gero. Ya fi son hira da su, don a zamanin soja su kaɗai ake yi wa magana ba a waiga ba.

Sai fari ya zo. Kogi ya yi ta ja da baya, Baba na bin sa da keji, har tsakanin lambunsa da ruwa ya zama filin yashi mai gasa ƙafa. Dusa kuwa ta yi wuya, mutane ma ita suke tuƙawa. Buhu ɗaya ya rage masa. In ya kai kifin damina, sun girma. In bai kai ba, aikin shekara ya tafi.

Yana kishingiɗe gindin mangwaro dabara ta zo masa. Shi da ya tsufa yana jan igiya a ƙasa ƙarfe na amsawa a sama, me zai sa ya yi ta ɗingishi cikin rana? Ya samo duro, ya huda gindinsa, ya yi masa marfi da birkin keke, ya ɗora bisa keji, ya juye buhun duka a ciki. Ya kakkafa sanduna, ya jawo waya har gefen tabarmarsa. In ya ja, dusa ta zuba. In ya saki, marfi ya rufe.

Matarsa Saratu ta ce, "Malam, ƙyuya ce dai ka yi mata sanduna."

Bai kula ta ba. Ya ɗaura wayar a babban yatsan ƙafa, ya lumshe ido. Can nesa ruwa na walƙiya kamar an watsa azurfa. Yana ganin ranar da wayar za ta wuce Gamkalle, ta bar Yamai, ta ratsa daji har Dogon Dutsi, shi yana zaune ƙofar gidan ubansa, ya motsa yatsa, kifin Yamai su ɗago baki. Wata rana ma ba waya, sai dai ya yi tari kawai.

Ran Lahadi ya tafi sujada. Masu wanki, da su ma ruwan suka biyo, suka tarar da doguwar waya a kan sanduna, ba kowa. Suka ce Allah ya saka wa mai wannan sadaka. Suka shanya zannuwa da barguna jiƙaƙƙu, waya ta lanƙwashe, marfi ya buɗe, ya zauna a buɗe.

Ko da ya dawo, tufafi na kaɗawa gwanin kyau, dusarsa kuma ta yi rawaya bisa ruwa, tana tafiya a hankali wajen kudu. Ya daɗe yana kallonta.

Washegari, da yake ba sauran dusa, aka kwashe kifin, ba wanda ya kai tafin hannu. Saratu ta soya. Na zauna kusa, na ce, "Baba, tarihi fa ba zai manta da kai ba!"

Ya zare ƙaya daga bakinsa, ya ce, "Matsa, ka tare min iska."