Ranar da Aka Tambaye Ni Sunan 'Yata

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi karatun boko ba, jikata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Lokacin da abin ya faru ina zaune a wani ƙauye da ke bayan Yako, maigidana bai daɗe da rasuwa ba, ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ina rufa wa kaina asiri. Ni mace ce mai kunya irin ta mutanen da, har yabona ake yi. 'Yata ta fari, tunda na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, da ta dawo hannuna kuwa sai dai in ce mata "ke". Idan ta yi abin kirki in kau da kai, idan ta faɗi in tura wani ya ɗaga ta. Haka muka tarar iyayenmu suna yi. Amma Allah ya sani ina son yarinyar nan fiye da yadda baki zai iya faɗa.

An yi mata aure a Ɗansoshiya, da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki. Muna da ƙaramin asibiti a ƙauyen, da farko tana zuwa awo. Sai aka ɗauke mace ɗayan da ke duba masu ciki aka kai ta wani gari, ba a kawo wata ba. Aka bar namiji ɗaya, shi ma ba kullum yake zuwa ba. Daga nan awo ya tsaya. Da naƙuda ta tashi, cikin damina, da hantsi, ungozoma muka kira, ta sauka lafiya, aka sami mace.

Ni ina tsakar gida ina hura wutar ruwan wanka, don ba a ganin uwa a ɗakin haihuwar 'yar fari. Na ji ta kira ni, Inna, da wata murya ƙasa-ƙasa. Na yi kamar ban ji ba, saboda mata sun cika gidan. Ta sake kira, na tura ƙanwar mahaifinta. Ta fito ta ce jini ne, kuma kowace mai jego tana yi, a dama mata kunu. Sai da ungozoma ta fito da zannuwa jiƙe sharkaf, sannan na shiga. Na tarar leɓen 'yata ya yi fari fat, tana cewa ɗakin ya yi mata duhu.

Muka ɗauke ta zuwa asibitin ƙauye, muka tarar da kwaɗo a ƙofa, awaki kwance a baranda. Wani maƙwabci ya ce an kira malamin asibitin taro a gari. Babu mota, hanya ta caɓe, sai babur. Aka sa ta a tsakiya, na hau baya na rungume ta. Tun yaye ban riƙe ta a jikina ba sai ranar. Kanta yana kafaɗata, a hanya har tana tsokanata, wai ashe Inna ta iya riƙe mutum. Na ce ta yi shiru ta yi salati.

A babban asibiti mun tarar da mata har a ƙasa, ma'aikaciya ɗaya tana ta kai da komo a kansu, gumi ya jiƙa mata hijabi. Ba zan ɗora mata laifi ba, ita ma an bar ta ita kaɗai. Ta ce a yanki kati, ta tambaye ni sunan mara lafiya. Wallahi bakina ya ƙi buɗewa. Na juya ina neman wanda zai faɗa, mai babur ya fita. Ta daka mini tsawa, ta ce Baba ke ba uwarta ba ce, ko tsinto ta kika yi? 'Yata ce, daga kwance a kan benci, ta buɗe ido ta faɗi sunanta da kanta, don ta fitar da ni kunya.

Aka ce sai an ƙara mata jini, kuma babu ko leda ɗaya a ajiye. Na miƙa hannuna, aka ce na tsufa, nawa ma bai ishe ni ba. Safar hannu da ruwan da za a ɗaura mata, duk sai da aka aika kemis a waje. Da mijinta ya iso da ƙannensa za su bayar, aka ce babu wuta a ɗakin gwaji, injin ba da wuta kuma ba mai. Suna can suna neman mai, ana kiran la'asar, ta cika a cinyata. A lokacin ne na kira sunanta, na yi ta kira da ƙarfi har mata suka riƙe ni. Ba ta ji ko ɗaya ba.

Na san kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi. Amma da akwai mace a asibitinmu, da ƙofar nan a buɗe take, da akwai jini a ajiye, da zuciyata ta fi samun sauƙi. Har yau idan na wuce asibitin nan, sau da yawa kwaɗon nake gani. Masu iko, ku ji tsoron Allah, ginin da babu kowa a cikinsa ba ya ceton rai. Ku kuma iyaye mata, idan mai jego ta ce jiri take ji, ko ta ce ta ga duhu, kada ku tsaya dama kunu, ku garzaya asibiti. Ku nemi abin hawa tun ciki bai kai wata tara ba, ku san inda za ku nufa. Idan 'yarki ta kira ki, ki amsa, ko garin duka yana kallonki.

Jaririyar nan ita ce ke rubuta wannan, ga shi ta tsaya tana share hawaye. Ranar suna aka mayar mata da sunan uwarta. Dangi suka ce a nemo mata laƙabi saboda ni. Na ce a'a. Da sunan nake kiranta, safe da yamma, da ƙarfi, har maƙwabta suna ji. Wani lokaci ta zo ta ce ga ni, Inna, me za a yi, in ce ba komai, je ki.