Zaren Kaset a Gonar Gero

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, ni hankalina yana kan wata 'yar kusurwar gona. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu kafin nan, kuma da aka raba gado sai na tashi da wani yanki a gonarmu ta bayan gari, in an fita ta Ƙofar Marusa. Ba yanki mai daraja ba ne. Bishiyar aduwa ɗaya ce a ciki, da rami inda aka taɓa ɗibar ƙasar gini, sai tumfafiya da tafasa da suka fito da kansu. Yayana ne ke noma sauran gonar. Ni ina koyarwa a firamare, ban yi aure ba tukuna.

In na taso daga makaranta ba ni da aiki sai karanta littattafan soyayya da muke musaya da ƙawaye. A cikinsu duk haɗuwar kirki a lambu ake yin ta, ga furanni, ga tsuntsaye suna kuka a reshe, ga malam-buɗe-littafi yana shawagi. A Katsina ban taɓa ganin irin wannan wuri ba, sai abin da nake hangowa ta saman katangun GRA. Sai na ce bari in yi nawa lambun. In saurayi ya zo, ya iske shi a shirye.

Tun bazara na hana Yaya yin sassabe a yankina. Na jera kasko uku a gindin aduwa ina cika su da ruwa, ina watsa tsakin da na sharo daga wurin surfe. Da ruwan sama ya sauka na dasa lalle da zogale a bakin iyaka, na yafa yakuwa, ciyawa kuma na bar ta ta yi yadda take so. Asabar da Lahadi nakan bi Yaya a bayan babur. Shi ya shiga noma, ni in shimfiɗa tabarma in kunna 'yar rediyona mai cin kaset, waƙoƙin Indiya suna tashi a hankali.

Kurciyoyi ne suka fara zuwa, bibbiyu. Sai 'yan jajayen nan ƙanana da muke kira baiwar Allah, waɗanda ba su san tsoron mutum ba. Shaya takan zo da doguwar jelarta ta kori kowa daga bakin kasko, ta yi wanka, ta ɓata ruwan ta tafi. Malam-buɗe-littafi iri biyu na lura da su. Farare da rawaya suna bin tafasa, da hantsi kuma su taru a laimar bakin rami kamar an barbaza takardu. Masu launin jan ƙasa da baƙin gefe ba sa rabuwa da tumfafiya. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta wanda ya zo da lokacin zuwansa.

Daga baya marai suka iso, tsuntsayen nan rawaya masu baƙin kai. Cikin mako biyu suka rataye sheƙa fiye da talatin a jikin aduwa. Na yi murna ƙwarai. Ban tambayi kaina abin da za su ci ba.

Gonar da ke maƙwabtaka da yankina ta wani dattijo ce, abokin marigayi kakana, saboda haka akwai wasan jika tsakaninmu. Ina ce masa Kaka, shi kuma amarya yake kirana. Gero yake shukawa, kuma geron nan shi ne abincin gidansa na shekara. Da zangarniya ta fara ido ya kafa mutum-mutumi, ya yi masa fuska da fostar wani ɗan takara da ya ɓanɓaro daga bango. Marai suka riƙa sauka a kafaɗarsa suna hutawa.

Wata Asabar cikin hutun makaranta na gan shi tafe da doguwar gora. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na tambayi ƙafarsa mai ciwo. Sannan ya dogara gorar a jikin aduwa.

"Amarya, baƙin nan naki a gidan wa suke cin abinci?"

"Ai ina zuba musu tsaki, Kaka."

"Tsaki! Ga tumu ɗanye mai zaƙi a gabansu, mi za su yi da tsakinki? Taso ki gani."

Ya kai ni bakin iyaka. Kunya biyu na farko an tsattsage kawunan geron, sai farar soshiya, babu ƙwaya. Ya ce duk shekara mahaifina kan bar shi ya kaɗe sheƙun kafin gero ya nuna, haka kowa ke yi. Bana bishiya tawa ce, shi ya sa ya zo neman izini.

Na ɗaga kai. Daga cikin sheƙun ana jin kukan 'ya'ya siriri.

"Kwana nawa ya rage su tashi?"

Ya kasa kunne ga kukan. "Sha biyu, in sun daɗe sha biyar. Geron kuwa ba ya jiran kowa."

"A ba ni kwanakin, angona."

"Yau ni ne ango? Da can tsoho mai tsini a baki nake." Ya dubi rediyon da ke kan tabarma. "Wancan abin da ke miki kuka da yaren da ba ki ji, zaren cikinsa tsuntsu na tsoronsa. In kina so a bar miki 'ya'yanki, kawo."

Kaset goma sha ɗaya gare ni, na tara su cikin shekara huɗu. Washegari na zo da su duka a leda. Muka zauna a gindin aduwa, yana fasa su da wuƙa, ni ina warware zaren. Yakan ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan mi ta ce?" In ce masa tana cewa ba za ta iya rayuwa ba sai da shi. Ya ce, "To, ga aiki ta samu." Muka kafa sanduna, muka ja zaren daga wannan zuwa wancan har ya ratsa gonar. In iska ta taso sai ya riƙa walƙiya yana wani gunji mara daɗi. Yaya ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana dariya.

Kwana huɗu marai ba su kusanci geron ba. A na biyar suka gane zare ba ya cizo. Daga nan aikin ya dawo kaina. Kullum da sassafe Yaya ya sauke ni, in kama igiyar da Kaka ya ɗaure wa gwangwanaye masu tsakuwa, in yi ta ja ina ihu har rana ta take. Tsuntsayen da na yi wata huɗu ina lallashi su zo, su nake kora. Su tashi daga gero su faɗa aduwata, su huta, su dawo. Muryata ta dushe, fuskata ta yi baƙi. Kaka yana zaune a inuwa yana gyara mini: "Ba haka ake ihu ba, amarya, kamar mai tashin kishiya daga barci. Buɗe baki!"

Malam-buɗe-littafi kam babu ruwansu. Har kan zaren suke sauka.

A rana ta goma sha huɗu aduwa ta yi shiru. Na zagaya ƙarƙashinta ban ji kukan ko ɗaya ba. Kaka ya kawo gorarsa, ni na riƙe masa reshe, ya kaɗe sheƙun duka, babu komai a ciki sai gashi. Na ɗauki guda na kai gida.

Da aka yi girbi, kunya biyar na bakin iyaka ba su ba da abin kirki ba, sauran gonar ta tsira. Na roƙi Yaya ya kai wa Kaka dami biyu daga geron da yake ba ni duk girbi. Ya karɓi ɗaya ya maido ɗaya, ya ce a gaya wa amarya ladan ihu ne.

Damina ta gaba marai suka dawo aduwa. Na je da shirin jan gwangwani, sai na tarar Kaka ya matsar da geronsa can ƙarshen gona, ya shuka gyaɗa a gefena. Na tambaye shi dalili. Ya ce wurin jigawa ne, gyaɗa ta fi son sa. Guntayen zaren bara suna nan a jikin sanduna, rana ta cinye launinsu. Na cika kaskona uku na zauna, babu rediyo.