Mataimakan Koci a Gonar Dabino

Ni ban taɓa buga ƙwallon kwando a gaban jama'a ba. Abin da na fara sani a kanta a tsakar gidanmu na koye shi, a unguwar Ƙurban ta Madina, inda yayana ya kafa zoben ƙarfe a bangon da ya raba mu da maƙwabta. Shi ɗan wasa ne tun yana sakandare. Ya buga wa kwalejinsu har gwiwarsa ta hagu ta ƙi, sai kocinsu ya ce ya dawo kusa da shi ya riƙa taya shi aiki. Haka ya zama mataimakin koci, kuma yana nan a kai har furfura ta fara fito masa. Idan ya dawo gida bayan la'asar da wani sabon atisaye a kansa, ya rasa wanda zai gwada da shi, ni yake kira. Mahaifiyarmu kan zauna a bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa, tana ja mana kunne kan tukwanen na'ana'arta.

Da na gama karatu, aikin da na samu a filin jirgin sama ne, wajen tarbar alhazai. An sa ni cikin masu yi wa matan Najeriya da Nijar tafinta. A can Hausata ta miƙe, don a gida rabi da rabi muke yi da Larabci. A can kuma na koyi duban fuskar mutum in gane jiri ne ke ɗibarsa ko kunya ce ta hana shi tambayar banɗaki. Na yi shekaru ina wannan aiki, ban taɓa tunanin zai kai ni wani wuri dabam ba.

Wata rana Yaya ya shigo da labarin cewa wata kwaleji ta buɗe ƙungiyar 'yan mata, ta ɗauko koci daga Masar, tana neman mataimaka. Na yi masa dariya, na ce wa zai ɗauki tafintar alhazai. Ya ce in je in gani tukuna, don a ɓangaren mata ba a riga an sami waɗanda suka taso cikin aikin ba, kowacce daga wata hanya za ta ɓullo. Na yi wani gajeren kwas na horarwa, na je aka gwada ni, aka ɗauke ni.

Mu biyu ne mataimakan. Ɗayar ta girme ni sosai, kowa Abla yake ce mata, kamar yadda ake kiran malama ko babbar yaya a nan. A Wad Madani aka haife ta. Kakanninta Hausawa ne da suka taso za su Makka, suka tsaya noman auduga a Sudan, zaman ya ɗore. Ta buga wa jami'arsu ƙwallon kwando tana budurwa, daga baya ta karanci gashin ƙashi, ta zo Madina aiki a wani asibiti da iƙamarta, wato takardar izinin zama. Rabonta da ƙwallo ya daɗe ƙwarai kafin kwalejin ta neme ta. Hausarta irin ta mutanen Sudan ce, a hankali take janta, wani lokaci in ta faɗi kalma sai na tuna da kakata.

Koci ita ke tsara wasa, ita ke tsaye tana ba da umarni. Mu namu shi ne duk abin da ya rage. Abla ke ɗaure idon sawu, ta duba wadda ke ɗingishi tana ɓoyewa. Ni nake tsayawa ƙarƙashin kwando ina mayar wa masu jifa ƙwallo, in lura da wadda ba ta karya kumallo ba, in yi magana da iyaye idan atisaye ya ja. Idan Koci ta yi wa yarinya faɗa, ɗayarmu ce za ta bi ta wajen shan ruwa ta zauna da ita har ta huce.

A cikin 'yan wasan akwai wata doguwa 'yar garin Badr, wadda motar kwaleji ke kawowa da safe ta mayar da ita da yamma. Ita ce ke tsare mana ƙarƙashin kwando. Ba ta da yawan magana. Ni da Abla muka gane 'yar Hausawa ce ranar da Abla ta yi tuntuɓe da jakar ƙwallaye ta yi ƙunƙuni da Hausa, yarinyar ta juya baya tana danne dariya. Tana ji sarai, amma da Larabci take amsawa, kamar yawancin yaranmu.

A shekara ta biyu aka gayyace mu gasa a Jidda, tafiyar kwana da kwanaki. Kowa ya kawo izinin gida ban da ita. Da na tambaye ta, ta ce mahaifinta bai hana ba, kakarta ce ta ce a'a, shi kuma ba ya tsallake maganar mahaifiyarsa. Ta faɗi haka ba tare da fushi ba, ta koma ta ci gaba da jifa. Koci ta so ta buga wa mahaifin waya da kanta. Abla ta ce ta bari mu je, wannan ba maganar waya ba ce.

Yaya ne ya kai mu ranar Asabar da hantsi. A hanya ya ce shi ma ya sha irin wannan zuwa gidajen 'yan wasa, kuma abin da ya koya shi ne kada mu fara maganar ƙwallo, mu bari mai gida ya tambaya. Muka bi ta cikin duwatsu har muka gangara Badr. Gidan yana bakin gonar dabino, ruwa na gudu a ƙaramar magudana daga famfo zuwa gindin itatuwa. Mahaifin ya ja Yaya cikin gona, mu kuma yarinyar ta kai mu wajen kakarta.

Mun same ta zaune a kan tabarma a inuwar rumfa, ƙafa ɗaya a miƙe, tana ware dabino a faranti. Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta da Hausa. Ta ɗaga kai ta dube ni da kyau.

“'Yar wane gida ce ke?”

Na gaya mata sunan kakana da unguwarmu. Ta ce ta san wata mata daga gidan, mai sayar da fura da kunu a kusa da masallacin Ƙuba shekarun baya. Na ce ƙanwar kakata ce. Ta gyaɗa kai, ta tura mana faranti. Daga nan ta juya kan Abla, kuma da ta ji Wad Madani sai fuskarta ta saki. Ita ma ta can suka biyo tana yarinya, daga wajen Damagaram, da iyayenta, suna tafiya suna tsayawa aiki. Suka yi ta lissafa garuruwan hanya, ni ina sauraro, aka kawo gahawa aka sha, aka kawo shayi.

Sai da azahar ta kusa ta tambayi aikinmu. Ta ce jikarta ta gaya mata akwai babbar malama Bamisriya, to mu kuma mene ne namu. Abla ta ce ita da likitar ƙashi ce, yanzu ma ƙashin take dubawa, sai dai na masu gudu. Ni na ce da alhazai nake tarba a filin jirgi. Tsohuwar ta ce to duk ba ƙwallo muka karanta ba ke nan. Muka ce haka ne, mun dai ƙaro ta daga baya. Ta ce hakan ya fi kwanta mata.

Na ɗauka za ta kawo maganar sutura ko ta maza a wurin kallo, har na shirya amsa. Ba ta taɓo ko ɗaya ba. Ta aiki yarinyar ta ɗebo ruwan alwala, da ta ga ta yi nisa sai ta ce:

“Tun da uwarta ta rasu, tana rarrafe, ba ta taɓa kwana inda ba na jin numfashinta ba. Ni ba wasan na ƙi ba. Kwanan ne.”

Abla ta matsa kusa da ita, ta ce, “Inna, ba ni ƙafar nan in gani.” Ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murza gwiwar a hankali, tana tambayar tun yaushe take ciwo. Ba wanda ya sake ta da maganar Jidda. Muka yi salla, muka ci shinkafa da kifi, aka cika mana leda da dabino, muka kama hanya. A mota Yaya ya tambaye mu yadda aka yi, muka ce ba mu sani ba.

Ranar Litinin yarinyar ta same ni ina jera ƙwallaye. Ta ce kakarta ta ce a tambaya ko motar tana da wurin mutum ɗaya.

Koci ba ta so ba da farko. Ta ce gasa za mu, kuma wa zai kula da tsohuwa mai ciwon gwiwa alhali muna fama da 'yan wasa. Na ce ni zan kula da ita, wannan ne aikin da na fi daɗewa ina yi. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce in ofis ya yarda ita ba ta da magana. Na yi ta kai da kawowa a makon har aka yarda ta bi mu a matsayin mai rakiya.

Ranar tafiya na zaunar da ita a kujerar gaba, na sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafa, na ajiye ruwa inda hannunta zai kai. Kafin mu wuce rabin hanya 'yan matan duk sun koma kiranta Sitti, wato kaka, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya tana ba su dabino. Waɗanda ba su taɓa jin Hausa ba suka koyi cewa sannu.

Wasan farko jikar tata ba ta yi abin kirki ba a rabin farko. Duk bayan jifa sai ta waiga wajen 'yan kallo tana neman kakarta. Da aka tafi hutu na je na taso da tsohuwar, na kawo ta kujerar da ke bayan bencinmu, inda yarinyar za ta gan ta ba sai ta nema ba. Daga nan ta nutsu, muka ci wasan da ƙyar. Tsohuwar ba ta tafa ba ko sau ɗaya, carbinta kawai take ja. Can ta taɓo kafaɗata ta tambaye ni me ya sa Bamisriyar ke ta ihu mu kuma muna zaune. Na ce haka aikin yake, ita ke faɗa, mu mu ke lallashi. Ta ce to a gida ma haka ne.

Washegari aka cinye mu, ci mai yawa, aka fitar da mu. Ƙungiyar da ta doke mu ta daɗe tana tare, kuma ta fi mu komai. 'Yan matan suka yi kuka a ɗakin canja kaya, Abla tana kwance musu bandeji ɗaya bayan ɗaya. Koci ta ce tunda motar sai gobe, a kai su bakin teku bayan la'asar su sha iska.

A bakin tekun na samo wa tsohuwar benci, Abla ta zauna kusa da ita. 'Yan matan suka watsu suna ɗaukar hoto, kukan ya wuce. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ruwan. Ta ce rabonta da shi tun ranar da jirgin ruwa ya sauke su, mahaifiyarta tana riƙe da hannunta, ita kuma tana ta amai. Abla ta ce ita ma ta ruwa ta zo karon farko, kuma ta yi amai har ta rantse ba za ta sake ba. Suka yi dariya tare. Jikar ta zo ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar kakarta, tana cin masara dafaffiya.

Shekarar da ta biyo aka sake gayyatarmu. Na aika a tambayi tsohuwar ko in tanadar mata kujera. Ta ce a gaya mini ta gode, ta riga ta ga yadda abin yake, a bar yarinyar ta tafi ita kaɗai. Sharaɗinta ɗaya, ta kwana a ɗakin da ni ko Abla muke, kuma a tashe ta sallar asuba don nauyin barci gare ta. A ɗakina ta kwana, kuma gaskiyar tsohuwar ce, sai da na yayyafa mata ruwa.

Abla ba ta daɗe tare da mu ba bayan wannan. Wata kwaleji a Yanbu ta buɗe tata ƙungiyar, ta kira ta ta zama babbar koci. Ta yi ta jinkiri, tana cewa ita ba ta iya ihu ba, daga ƙarshe ta karɓa. Mun haɗu da ƙungiyarta sau ɗaya a gasa, na hango ta tsaye a bakin fili, hannu a ƙugu, muryarta har wajenmu. Wadda ta maye gurbinta yarinya ce ƙarama, ta karanci motsa jiki a jami'a, ta buga wasa tun tana makaranta, kuma wannan aikin ta nufa tun farko. Ta fi ni sanin zanen wasa nesa ba kusa ba, ina koyo wajenta. Idan za a je gidan wata 'yar wasa kuwa, tare muke zuwa, ita ke tuƙi.