Zakiya Mai Majigi da Baturiyar da Ta Yi Yaji

A lungunan bayan Bab Makka ta birnin Jidda, a shekarun da talabijin bai gama shiga gidaje ba, in ka ce Zakiya sai a tambaye ka wacce, amma in ka ce Zakiya mai majigi, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofarta. Iyayenta da ƙafa suka zo aikin hajji daga ƙasar Katsina, komawa ta gagara, suka zauna, aka haife ta a Jidda. Ta taso tana taya uwarta tuyar waina, bakinta ba ya hutawa, har ta auri Abdulghaffar mai gyaran rediyo, mutumin kirki, sai dai Allah ya zuba masa mantuwa.

Shi ya sayi tsohon majigi a hannun wasu Turawan kamfani, yana karɓo hayar fina-finai yana haskawa a gidajen biki. Wajen maza ba matsala. Wajen mata kuwa namiji ba ya shiga, dole ya koya wa matarsa yadda ake zura zaren fim da yadda ake canza faifai. Turanci dai Zakiya ba ta jin ko zo in kashe ki, amma wannan bai taɓa damun ta ba. Sai ta rage muryar injin ta sa wa Turawa magana a baki, rabi Hausa rabi Larabci. Mata har cewa suke fim ba Zakiya miya ce ba gishiri.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Khadijatu, 'yar ƙanwarta da ta rasu, ita ta goya ta raina, kuma a kanta ba ta ji ba ta gani. Da yarinyar suka daidaita da Abdulwahid, wani direba ɗan Hausawan Sudan, kowa ya yi murna ban da kakarsa, Hajiya Dela. Tsohuwar nan camfi gare ta, ko tulu ya fashe sai ta ce ishara ce, kuma a gidansu in ta ce a'a an gama magana. Da kyar aka shawo kanta ta yarda ta haɗa zuri'a da masu nuna Turawa a bango.

Ranar lalle, ana gobe ɗaurin aure, aka rataya farin zanin gado a tsakar gida bayan magariba. Zakiya ta zaɓi fim mai ban dariya na wani dogon Bature da matarsa mai jan baki. Matar ta tsinci safar hannun wata mace a aljihun kwat ɗinsa, shi kuma gogan duk bayanin da ya yi sai ya ƙara dagula lamarin.

"Ji shi," in ji Zakiya, ta ƙanƙance murya ta zama Baturiya, "wai ta ƙanwarsa ce! Yo yaushe uwarka ta haifi mace ban sani ba, ya shekh?"

Mata suka dinga faɗuwa kan juna don dariya. Har Hajiya Dela an ga ta kare baki da mayafi.

Faifai na biyu ya ƙare a mugun wuri. Baturiya ta tarwatsa faranti, ta cusa kayanta a akwati, ta sauko daga bene, ta buga ƙofa ta shiga mota. Miji na tsaye shi kaɗai. Zakiya ta buɗe gwangwanin faifai na ƙarshe, inda ake shiryawa a yi dariya a watse, sai ta tarar da faifan wasu ƙarti 'yan dambe. Abdulghaffar ya musanya, na gaskiyar yana can wani gidan biki a unguwar Kurayyat.

Hajiya Dela ta dogara sanda ta miƙe.

"Halas, shi ke nan? A ranar lallen jikana aka tara mu a nuna mana mace ta yi yaji ba ta dawo ba? Na gane saƙon. Yalla, ku tashi mu tafi."

Dangin ango suka fara laluben takalma. Khadijatu na zaune, hannu da ƙafa a ƙunshe, ba halin tashi, sai hawaye. Zakiya ta san in tsohuwar nan ta ƙetare ƙofa, babu ɗaurin aure gobe, kuma da hannunta ta jawo wa 'yarta.

"Haba Hajiya, wa ya ce an gama? Ai yanzu za a yi biko. Don Allah ki ɗan zauna."

Akwai wani maɓalli na juya fim baya a jikin injin da mijinta ya ce kada ta kuskura ta taɓa in fitila na kunne, wai zare na iya ƙonewa. Ta mai da jelar faifai na biyu cikin injin, ta kashe murya gaba ɗaya, ta yi bismilla ta murɗa shi.

Sai ga mota ta dawo da baya. Baturiya ta fito, ta doshi gida da ƙeya.

"Kun gani? Iyayenta sun yi mata tatas. Kunya ta hana ta haɗa ido da shi, shi ya sa ta shigo da baya."

Ta hau bene da baya, riguna suka riƙa tsalle daga akwati suna rataye kansu. Fasassun faranti suka taru daga ƙasa suka haɗe sumul a hannunta. Wata tsohuwa ta rafka salati, sauran suka kece da dariya har da masu riƙe ciki. Zakiya na magana, gumi na bin bayanta, hancinta na jiran ƙaurin zare. Da aka zo inda mata da miji ke zaune suna shan shayi lafiya lau, ta yi wuf ta kashe fitila. Guɗa ta kaure.

Hajiya Dela ta daɗe a tsaye kafin ta koma kan tabarma. Ta yafito Zakiya, ta kama kunnenta kamar ƙaramar yarinya.

"Ke 'yar nan, kin ɗauka ban san ƙarya kika shirga ba? Na tsufa amma ban makance ba."

"Tuba nake, Hajiya."

"Ni da na bar gidan mijina na fari, ba wanda ya ko leƙo ya ce in dawo. Yarinyar da ke da uwa irinki, aurenta ba zai mutu a banza ba. A kawo lallen in sa mata albarka."

Zakiya ta ce to, ta juya. Ta zauna daɓas a gindin majigin da bai gama hucewa ba, tana dariya tana share ido da gefen mayafi, tana kallon tsohuwar ta kama hannun Khadijatu.