Auta Maikano, Wanda Ya Mayar da Kason Nama

Haihuwarsa

An haifi Auta Maikano a shekarar 1949, a wata unguwar Maguzawa da ke gabas da Darki a ƙasar Wudil. Mahaifinsa Maikano shi ne mai yanka wa kan-gida, wato iskan da zuriyarsu ke bauta wa. Sunan mahaifiyarsa Yelwa.

Karatu da aure

Bai taɓa shiga aji ba. A 1966 ya tafi Wudil kora shanu a kara, wato kasuwar shanu, inda wani tela Kirista ya koya masa karatu a kan ƙyallayen takarda. An yi masa baftisma a 1971, ya koma gida ya gina ɗakin sujada na jar ƙasa, har masu zuwa suka kai mutum talatin da ɗaya. A 1975 ya auri Nana, suka haifi 'ya'ya uku.

Saɓani

Al'adar unguwar ce kowace shekara kafin shuka a yanka wa kan-gida baƙin bunsuru, a aika wa kowane gida kasonsa a akushi, kuma wanda ya mayar da kaso ya yanke zumunta ke nan. Kiristocin sukan karɓa su binne a ɓoye. A 1988 wani mai wa'azi mai suna Isyaku ya sauka a unguwar, ya koyar cewa nama nama ne, addu'a a kansa ta isa ta wanke shi. Jama'a suka ji daɗin wannan sauƙi. Auta ya tashi ya bayyana musu cewa irin wannan koyarwa ce ta shiga ikilisiyoyin farko, masu harshe mai zaƙi suka halatta wa mutane abincin gumaka har suka rasa bambanci tsakanin teburin Ubangiji da na tsafi. A shekarar ya ɗauki akushinsa da rana tsaka, ya mayar da shi ƙofar yayansa, wanda ya gaji mahaifinsu wajen yankan.

Daga ranar babu ɗan'uwan da ya sake gaishe shi. Masu sujada suka bi Isyaku, aka bar shi da matarsa kaɗai.

Ƙarshen rayuwarsa

Nana ta rasu a 2003. Shekara goma sha shida bayanta yana share ɗakin sujadar kowace Lahadi, ya shimfiɗa tabarmi duka, ya yi karatu da ƙarfi kamar akwai masu ji.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 2019, bayan jinyar kwana huɗu. Dangi suka hana a sa shi a makwancin kakanninsa, don haka aka binne shi a bayan ɗakin sujadar, mutum biyar ne a bakin kabarin. Ya bar ɗansa Halliru, wanda ya musulunta yake zaune a Wudil, shi ne ya haƙa kabarin. Da Rahinatu da ke aure a Utai. Da Garzali, wanda har yau ba a san garin da yake ba balle a sanar da shi.