Farin Ƙyallen da Ya Ci Mutuncin Yaya Salisu

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Salisu makwancinsa a Badaguishiri, kuma har yau in aka ambaci sunansa a kasuwa akwai masu taɓe baki. Na san dalili, don da ni aka yi.

Amalanken jaki ce sana'arsa. Shekarar da fari ya ƙone gero, shi aka ɗauka yana kai buhunan agaji ƙauyuka. Ana nan sai aka ga yana rufe kaya da wani farin ƙyalle mai jan gicciye, irin alamar da muke gani jikin motocin masu agaji. Kafin la'asar zance ya gama gari: wanda ya iya ɗauke ƙyallensu, buhu nawa ya karkatar?

Ya rantse a gwanjo ya saye shi, kasuwar Konni. Aka ce in ba rami, me ya kawo zancen rami? Mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makarantarmu, ya so ya cece shi. Ya ce gicciyen agaji gajere ne, a tsakiya yake tsayawa, wannan kuwa ya kai baki da baki, tutar Ingila ce. Aka ce ya kawo shaida. Ya ɗauko ƙamus ɗinsa na Faransanci, ya buɗe shafin tutoci, sai ga ta Ingilar da shuɗi da layuka birjik. Wai! Garin neman gira aka rasa ido. Aka ce shi ma mushe an ba shi kasonsa.

Ba jandarma da ya zo, ba buhun da aka ce ya ɓata, amma aka karɓe aikin. Wata safiya na iske shi yana ba jakinsa dusa, na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ina ka samo shi?"

Ya dube ni ya ce, "Har da kai, Mamman?"

Bai sake tayar da maganar ba har ciwon ƙirji ya tafi da shi.

Watan jiya ina kallon ƙwallo a tele a Konni, 'yan Ingila na wasa, sai ga ƙyallen Yaya ya cika fili, hannun dubban mutane. Ni da ban iya yarda da abu da sauƙi ba, sai da na tambayi malaman lakwal biyu, kowa daban. Bakinsu ɗaya: jan gicciyen na 'yan Ingila ne tun ɗaruruwan shekaru, mayaƙansu ke sa shi, suna jingina shi ga wani waliyyinsu. Mai shuɗin kuwa, da suka haɗe da makwabtansu ne aka ɗinke tutocin wuri guda.

Me Yaya zai ce da ya ga samarinmu yau suna yawo da alamar nan a ƙirjin riga, ba mai kallonsu sau biyu? Ina jin murmushi kawai zai yi, don bakunan nan ba su mutu ba, sun dai koma kan duk wanda ya sayi siminti buhu biyu. 'Yarsa Hadiza ma har yau akwai masu ce mata ɗiyar mai buhu.

Bai bar gona mai yawa ba, ya bar gaskiyarsa, ga ta ta fito. Ƙyallen yana cikin adakata, na wanke shi fes. Amsar tambayata ta zo, amma wanda zan ba haƙuri ba ya nan.